Na Hagu Ya Cika a Cikin Firiji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da hannun da har yanzu yake ƙaurin ƙonanniyar waya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'ata na layin masu gyaran babura rasuwar firosesan gidanmu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar maiɗakina, wanda aka fi sani da Na Hagu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, bayan gajeriyar jinya, a cikin firijin kicin, tsakanin tiren ƙwai da robar tumatir. Masu bugo waya suna tambayar abin da ya kai shi cikin firiji su yi haƙuri, za a zo wurin. Gidan makoki ne, ba a yi wa mai makoki gaggawa.

Marigayin ya cika da aiki a hannunsa, kuma ba ƙaramin aiki ba. Maiɗakina zanen gine-gine take yi. Ta daɗe tana zane a ofishin wani, shi yana sa hannu ana yaba masa, har ta gaji ta ajiye ta dawo gida, ta kafa tebur a kusurwar falo. Aikin farko da ya zo mata da sunanta shi ne na wani ɗan kasuwa da zai gina jerin shaguna. Ya ce ta kawo masa hotunan ginin ranar Litinin da safe kafin ya yi tafiya. In sun yi masa, aikin nata ne. In ba ta zo ba, tsohon oganta yana nan da nasa zanen a hammata. Shi kuwa Na Hagu, aikinsa shi ne ya ɗauki layukan da ta zana ya mayar da su hoto kamar an riga an yi ginin, da inuwarsa da gilashin tagoginsa har da mutane suna wucewa a gaba. Aiki ne mai cin lokaci, firosesa yakan yini ya kwana a kansa. A tsakiyar wannan aiki ajali ya same shi.

Ba a san ranar haihuwarsa ba, sai dai mun san ranar da ya shigo hannunmu. Mun je shagon mai sayar da kayan kwamfuta da gyaransu, wanda kowa ke kira Likita, ni da maiɗakina da yayanta Akawu, wanda ba a gayyata ba amma ya ce zai zo ya zama shaida. Manyan firosesoci suna can sama a kanta, mun gaishe su da ido mun wuce. A daidai tsayin aljihunmu, cikin gilashi, wasu guda biyu ne kwance gefe da gefe, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Girmansu ɗaya, farashinsu kusan ɗaya, ko uwar da ta haife su sai ta karanta rubutun jikinsu kafin ta bambance su.

Likita ya yi mana bayani. Na damar ya ɗan fi gudu kaɗan tun daga masana'anta, ya zo da fankarsa, amma a kulle yake, gudun da aka yanka masa shi zai yi har ya tsufa. Na hagun ya ɗan fi sanyin jiki, ba shi da fanka, amma a buɗe yake. Mai shi yana iya shiga saitinsa ya ƙara masa wuta, ya tura shi ya yi gudun da ya wuce wanda aka rubuta masa, abin da masu harkar ke kira obakulok. Ni da na ƙare rayuwata ina buɗe injin babur ina fito da ƙarfin da masana'anta ta ɓoye a ciki, a ce ga inji a buɗe ga inji a kulle, kuma wai sai an yi shawara?

An kuwa yi shawarar, har Likita ya gaji ya jawo mana benci. Akawu ya ce wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin iyakarsa. Na ce da haka ne da babu mai gyara a duniya. Ya ce ai yawancin abin da masu gyara ke gyarawa su suka ɓata shi. Na juya wajen ƙanwarsa na ce ta ba ni amanar wannan abu guda ɗaya. Zanen nan ban san kansa ba, in ta baje takardunta sai dai in kawo mata shayi in koma gefe, amma inji na san inji. Ta dube ni, ta dubi yayanta, ta nuna na hagu. Don haushi, Akawu ya zaro kuɗi ya sayi na dama a take, wai ya ajiye shi a gidansa ya ga wanda zai riga wani tsufa. Daga ranar suka sami sunayensu.

Ina shaida cewa Na Hagu ya yi rayuwa ta biyayya. Da safe in an danna masa maɓalli sai ya amsa da tiit guda ɗaya, gajere, mai ladabi, irin na wanda aka yi wa tarbiyya. Fankar da na saya masa takan biyo baya da fuuu a hankali. Ranar da na fara shiga saitinsa na ƙara masa wuta, bai yi gardama ba. Na ƙara, ya karɓa. Na kuma ƙarawa, ya karɓa, fankar ta koma wiii. Aikin da a da yakan kai la'asar sai ya riƙa gamawa da azahar. Maiɗakina ta fara kirana Injiniya, rabi zolaya rabi gaskiya, ni kuwa rabin gaskiyar kaɗai nake ji. A garejin ma an san labarinsa. Mai kawo gyaran birki ba ya tafiya sai ya ji adadin gudun Na Hagu na wannan makon, ko yana so ko ba ya so.

Bai taɓa ƙin aiki ba. Bai taɓa kai ƙarata wajen kowa ba. Ko ranar da na shafa masa man sanyaya jiki da yawa har ya tsiyayo gefe, shiru ya yi. Ana cewa yana da zafin jiki, kuma gaskiya ne, a lokacin sanyi maiɗakina takan miƙa ƙafafunta kusa da akwatinsa ta yi ta zane. Wannan ma alheri ne da ba a rubuta a kwalinsa ba.

Game da ɗan uwansa Na Dama, ba na son in yi maganar mai rai a sanarwar mamaci. Abin da zan ce kawai, yana can gidan Akawu a ƙarƙashin wani ƙyalle mai fure, ana buɗe shi a tara lissafi a rufe. Bai taɓa yin gumi ba. Bai taɓa sanin abin da ke cikinsa ba, kuma ba zai sani ba. In wannan ita ce doguwar rayuwa, kowa da abin da yake so.

Ciwon ajalin ya faro ne da shigowar zafi. Sai a ga yana cikin aiki fuskar kwamfutar ta rikiɗe ta yi shuɗi, ya sume, sai an kashe an kunna ya farfaɗo. Na kai shi wajen Likita. Likita ya taɓa shi ya janye yatsa, ya tambaye ni ko dafa ƙwai muke yi a kansa. Ya ce in rage masa wuta, in bar shi ya huta. Na rage, don ni mai jin shawarar likitoci ne. Sai dai ragin da na yi, in an faɗi gaskiya, shi kansa marigayin bai ji shi a jikinsa ba. Maiɗakina kuwa ta kafa doka, ta ce har a gama aikin ɗan kasuwa kada hannuna ya kai ga saitin nan.

Ranar Asabar da safe ta ɗora masa aikin hotunan gaba ɗaya. Akwai wani kore-koren layi da ke tafiya a fuskar kwamfuta yana nuna inda aka kai, in ya cika an gama. Ta yi lissafi ta ce zai cika Lahadi da yamma, da sauran lokacin bugawa a takarda. Ta ɗauki jaka za ta je ta sake auna filin. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Injiniya, ko ƙura ka gani a kansa, ka bar masa abarsa."

Na zauna ina kallon layin nan yana rarrafe, fankar tana wiii kamar za ta yi magana. Tausayi ya kama ni. Ga bawan Allah yana da gudu a cikinsa, zafi ya hana shi, ga matata za ta kwana da zullumi. Ana cikin haka aminina Mai Firiji, wanda shagonsa ke jikin garejina, ya shigo karɓar sifana. Ya tsaya ya saurari kukan fankar, ya sa hannu a bayan akwatin ya ji hucin da ke fitowa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin abin da zafi ya dama ba, aka sa shi a firiji bai sami sauƙi ba. Na ce ni ma tunda nake ban taɓa ganin injin da aka sanyaya ya ƙi karɓar ƙarin wuta ba. Muka dubi juna. Kowannenmu ya faɗi gaskiya a kan sana'arsa, kuma har gobe ina kan wannan.

Muka tsayar da aikin, da niyyar a sake shi daga farko da ninkin gudu, ta dawo ta tarar an yi nisa. Muka fitar da tukwane da kantocin jera kaya biyu, muka cire murfin akwatin, muka zaunar da shi a cikin firiji. Wayoyin muka biyo da su ta bakin ƙofa, shi ya sa ƙofar ba ta rufu ruf ba, sai muka tokare ta da kujera. Fuskar kwamfutar muka ɗora a kan buhun shinkafa. Na danna maɓalli, daga cikin firiji muka ji tiit, da wata irin murya mai daɗi da ban taɓa jin ya yi ba.

Jama'a, ku yi wa marigayin shaidar wannan safiya. Zafinsa ya sauka ƙasa warwas. Na shiga saiti na ƙara wuta, ya karɓa. Na kai shi inda Likita ya ce kada in kai shi, na wuce, ya karɓa. Kore-koren layin nan ya daina rarrafe ya miƙe da gudu. Mai Firiji ya cire hularsa. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar kicin ina shirya irin fuskar da zan yi in ta dawo, ta wanda abin bai dame shi ba. A tarihin ƙananan firosesoci masu araha ban ji wanda ya taɓa gudun da Na Hagu ya yi a wannan hantsi ba, kuma shaidu biyu ne suka gani.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne iskar kicin da ke kutsawa ta bakin ƙofar. Kowa ya san kwalbar ruwan sanyi tana gumi in iska ta taɓa ta. Mai Firiji ya sani, ni ma na sani, amma ba wanda ya taɓa gaya mana kwamfuta ma kwalba ce. Layin yana tsaka da gudunsa. Sai muka ji tiit, tiit, tiit, dogaye guda uku, sannan wani ɗan ƙaramin tas. Fankar ta yi fuu ta tsaya. Na buɗe ƙofar na tarar da raɓa ta kwanta a jikinsa luf, wani siririn hayaƙi yana tashi ta gefen tiren ƙwai. Waɗannan su ne kalamansa na ƙarshe.

Kwamitin binciken da aka kafa, wanda ni ne shugabansa kuma ni ne mambansa, ya gano cewa raɓa ce ta kashe shi, da taimakon robar ƙofar firiji. Ba a sami kowane ɗan adam da laifi ba. Mai Firiji bai tsaya jin sakamakon ba, ya tuna yana da aiki a wata unguwa, ya bar sifanar ma a nan.

Maiɗakina ta dawo ta tarar da tukwane a ƙasa, kujera a jikin firiji, ni a gindin buhun shinkafa. Ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo. Na so ta yi faɗa, na shirya wa faɗa, har amsoshi na tanada. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin ƙofar kicin ta cire takalmanta da suka yi ƙurar fili, ta riƙe su a hannu, ta ce a hankali, "Na gaya wa mutumin nan zan zo." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji irinta.

Likita ya zo ya duba, ya tabbatar da rasuwar. Ya ce rumbun ajiya, inda zanen yake, bai sami ko ƙwarzane ba, amma a wannan ɗan lokaci ba inda za a sami wani firosesan da zai shiga gurbin nan, sai dai a kai rumbun wata kwamfutar da ke da irin kayan. Duk mun san kwamfuta ɗaya ce a duniya mai irin kayan. Na goya maiɗakina a babur, rumbun yana cikin jakarta, muka nufi gidan yayanta.

Da Akawu ya zage ni da na ji sauƙi. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya tambaya sau ɗaya ko firijin da ake sa abinci ake nufi, aka ce masa e. Ya tashi ya yaye ƙyallen mai fure, ya ninke shi gida huɗu a gabana, a hankali, yana gyara kusurwoyin. Sannan ya kawo mini ruwa mai sanyi ya ce in sha, ya ji an ce namu firijin yana da baƙo.

Na Dama ya karɓi aikin. Bai yi wiii ba, bai yi fuu ba, ya kama tafiyarsa ta mai zuwa ofis da wuri. Ya yini ya kwana, ya kuma yini ya kwana. Sau biyu ƙafata ta kai ni kusa da teburin, sau biyu Akawu ya yi gyaran murya daga bayan jarida. Litinin ta waye layin bai cika ba. Maiɗakina ta yi wanka ta shirya, ta zauna da jaka a cinya tana duban agogo tana duban layi. Sai da lokacin da ɗan kasuwar ya yanka ya kusa cika sannan Na Dama ya ga damar gamawa. Ba lokacin buga takarda, ta kwashe hotunan a waya muka fito a guje. Ofishin mutumin yana can ƙarshen gari, ga cunkoson safiya.

Babur ɗina kuwa, kowa a layinmu ya san ba yadda masana'anta ta sallame shi yake ba. Na tayar da shi muka hau titi, ina tafiya a hankali irin ta mai laifi, don na san ba ta son gudu, kullum sai ta mintsine ni in na wuce ƙa'ida. Muka kai wata doguwar hanya da ba kowa. Sai na ji ta ƙanƙame rigata, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Injiniya," ta ce, "ƙara wuta."

Mun tarar da ɗan kasuwar yana sa ƙafa a mota. A tsaye ya kalli hotunan, ya sa direba ya kashe inji, ya kuma kallo. Aikin ya zama nata, da sunanta. Na so in yi bayanin rawar da marigayi ya taka a farkon aikin, ta taka mini ƙafa.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifiyarsa madabod, wato faifan da yake zaune a kai, wadda ke kwance a shagon Likita ana busar da ita, ana sa ran za ta tashi. Ya bar fankarsa, wadda tun ranar ba ta juya ba. Ya bar rumbun ajiya cikin ƙoshin lafiya, da ɗan uwansa Na Dama, wanda aka mayar ƙarƙashin ƙyalle bai ma san an yi mutuwa ba. Firijin shi ma ya kamu da ciwo sanadiyyar wannan lamari, yana ƙara amma ba ya sanyi. Sai ni, da na rasa abin da zan riƙa ba masu kawo gyaran birki labari.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a karɓi gaisuwa a garejina gobe bayan an tashi aiki, a kan dogon bencin da ke ƙarƙashin rumfa. Mai zuwa ya taho da ruwan sanyinsa. An yarda Akawu ya halarta da sharaɗin ba zai zo da jarida ba. Mai Firiji kuwa ya yi gaisuwarsa daga shagonsa, muna jiyo shi ta bango.

Da farko an shirya binne marigayin a cikin gwangwanin da nake tara matattun fulogan babur, har na goge murfin. Da na je ɗaukar gawar sai na tarar ba ta inda na ajiye ta. Tana kan teburin maiɗakina, an goge mata ƙaurin, an danne sabbin takardun ginin shagunan da ita don kada iskar taga ta kwashe su. Na miƙa hannu, ta doke shi da fensir ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce a nan zai zauna, wai duk tsawon zamansa a gidan nan ba ta taɓa kai magariba tana aiki ba, kuma ta san wanda ya sa. Sai na je na haɗa mata shayi.

Saboda haka ba za a fita da gawa ba. Mai son ganinsa ya zo gida da rana, ya yi sallama, ya tsaya daga bakin falo. A kalla da ido kawai, ni ma iyakata ke nan.